Ruwan da Ya Washe a Lalitata

A Jandutsi, in anka tambayi mata wa ke riƙon amana, ƙofata za su nuna. Ba yabon kai ba ne, abin da Allah Ya hore ne. Tun ina da ƙarfin sussuke dami ni kaɗai mata ke kawo min ajiya: 'yan kunne, zoben gado, har haƙorin Makka da ya fice daga bakin mai shi. Ni kuwa ma'ajiyata guda ce, lalitar fata da na gada wurin uwata, wadda nike ɗaurewa a ƙugu ƙarƙashin zane, manne da fatar cikina. Ɓarawo bai kai can. Ɓera bai kai can. Gobara ma sai ta ci ni kafin ta ci ta. Shekara da shekaru, abin da anka ba ni shi nike mayarwa, kuma yadda anka ba ni shi. Sau ɗaya tak lalitar nan ta so ta kunyata ni, sai ga shi wannan sau ɗayan ne ya zama abin da na fi alfahari da shi.

Ina da jika, ɗiyar ɗana na biyu, wadda anka sa wa sunana. Don haka takwara nike ce mata, ita kuwa tsohuwa take ce min, bakinta ba linzami. Tana karatu a jami'a can Aliero, garin albasa. In na tambaye ta mi ake koya musu sai ta ce halin abubuwa: yadda zafi ke tafiya, yadda haske ke ratsawa, abin da ke sa ruwa ya daskare. Ni ban taɓa zama a aji ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Sai in ce to, Allah Ya ba da sa'a.

A shekararta ta ƙarshe, ɗari na bankwana bazara na leƙowa, sai ga ta da hantsi bisa kabu-kabu. Ko ruwa ba ta sha ba ta ja ni ɗaka.

"Tsohuwa, ajiya na kawo miki."

"Zinari ne ko wasiƙar saurayi?"

Ta warware wani ƙullin auduga, sai ga 'yar kwalba, ba ta fi ƙaramin yatsana ba, an toshe bakinta an naɗe. Cikinta wani ruwa ne fari-fari, dishi-dishi, kamar ruwan da anka ɗauraye ƙwaryar nono. In anka karkata ta yana gangarowa a hankali kamar mai.

Na ce, "Wannan ɗan mitsitsin?"

Ta ce, "Ɗan mitsitsin nan shi ne duk shekarun da na yi a makaranta. Malamata ta sa anka aiko shi daga wata ƙasa, munka yi watanni muna jira, kuma shi ke nan, babu na biyu. A kansa zan yi aikin fita. In ya lalace, 'yan ajinmu za su fita su bar ni, sai na sake shekara."

An ba su hutun 'yan kwanaki ne, ba ta yarda ta bar shi a ɗakin ɗalibai ba. Ga shi za ta Maiyama sunan ɗiyar ƙawarta, cikin motar kasuwa mai buhuna da awaki. Kwana biyu za ta yi. Da za ta fita ta juyo ta ce, "Don Allah ki sa shi inda rana ba ta gani."

Inda rana ba ta gani. To ni a duniya ban san inda ya fi lalitata duhu ba. Na zura kwalbar ciki, na ja igiya, na ɗaura zane a kai, na shiga harkokina.

Da azahar na sassauta zane zan yi alwala, zuciyata ta ce duba ajiyar yarinya. Na ciro. Na ɗaga kwalbar ga haske. Farin nan babu shi. Ruwa ne garau, tas, kamar ruwan rijiya da ya kwana. Ina hango zanen tafin hannuna ta cikinsa. Na duba bakin kwalba, yana nan a toshe yadda ta bar shi. Na girgiza, bai koma ba. Na yi bisimilla na tofa, bai koma ba.

Na zauna bakin ƙofa ina tunani. Ni abin da na sani a rayuwata, abin da ya juya ba ya juyowa. Nono in ya tsinke ya tsinke. Ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye. Kunu in ya yi tsami sai dai a ba kaji. Yarinya ta haye makarantu, ta haye jarrabawa, ta zo gaɓar ƙarshe, sai kakarta ce za ta kayar da ita, da hannun da duk garin ke yabo.

Ina nan zaune sai ga ƙawata Bafillatana, wadda ke kawo min nono daga rugarsu ta bayan gari tun muna goyo. Ta sauke ƙwarya ta dube ni, ta kira ni da sunan da Fulani ke tsokanar Hausawa da shi.

"Kaɗo, wa ya mutu?"

Na ce, "Mutuncina."

Na nuna mata kwalbar, na faɗa mata yadda take da safe da yadda ta koma. Ta ɗaga ta sama ta kanne ido guda.

"Yo wannan ne abin zaman makoki? Fari ne ya gudu, ga fari cike da ƙwarya. Buɗe in ɗiga miki nono ɗigo guda, ki girgiza, ya koma yadda yake. 'Yan boko ko nonon saniya da na akuya ba su rarrabewa."

Ba zan ɓoye ba, babban yatsana ya kai bakin kwalbar. Ya kai. Har ƙawar tawa ta tsoma tsinke cikin ƙwarya. Sai na tuna abin da uwata ta ce ranar da ta ɗaura min lalitar nan. Ta ce in tukunyar mutane ta fashe a hannunki, kwashe katangar ki kai wa mai ita, kada ki liƙe da laka ki miƙa mata tana murna.

Na janye hannu na ce, "A'a. Gara ta same shi matacce, ta ji gaskiya daga bakina."

"Kaɗo da taurin kai! To zauna ki yi ta kallonsa har ya yi tsiro."

Ta zuba min nonona ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce tana dariya. Ni kuwa ban iya ci gaba da kallon abin ba. Na kai shi kusurwar ɗaki na cusa cikin jiƙaƙƙen yashin da ke gindin randa, don kawai ya ɓace wa idona.

Da la'asar ƙishirwa ta kama ni. Na ɗauki moɗa na duƙa, sai na ga wani fari yana leƙena daga cikin yashi. Na ciro kwalba. Fari-fari, dishi-dishi, yadda ta zo da safe.

Na yi salati. Na dunƙule ta cikin hannu ina godiya ga Allah, ina godiya, ina godiya. Da na buɗe hannun sai na ga gefen da ya jingina da tafina ya fara washewa. Ina kallo farin ya yi ta ja da baya, ya yi ta ja da baya, har ya ƙare.

Nan tsoro ya sake ni, wani abu dabam ya kama ni. Na mayar cikin yashi, ta yi fari. Na riƙe, ta washe. Yashi, fari. Hannu, garau. Ashe ba lalacewa ya yi ba. Ɗumin jikina ne ba ya so.

Kwana biyun nan, in ban da salla da abinci, ban yi wani aiki ba. Tsohuwa da jikoki, ta koma wasa da kwalba kamar 'yar yaye. Amma idon da ya shekara hamsin yana gadin tukunyar man shanu, yana jiran lokacin da kumfa za ta kwanta mai ya tsaya, bai iya kallon abu a banza. Na lura cewa in zai koma fari ba gaba ɗaya yake faɗawa ba. Da farko wani ɗan hazo ne ke tasowa, wanda in ba ka ƙura ido ba ba ka ganinsa. Sannan wasu 'yan ɗige-ɗige su fito kamar an watsa garin gero bisa ruwa. Su haɗu da juna, su haɗu, sai fari ya rufe. Kuma akwai wata 'yar gaɓa siririya tsakanin fuskokin nan biyu, wadda yake tsallakewa cikin ƙiftawar ido in anka gaggauta shi.

Na ce bari in gani ko zan iya tsayar da shi bisa gaɓar. Na dasa gindin kwalbar cikin yashi, na riƙe wuyanta da yatsu biyu. In fari ya fara hawowa in ƙara yatsa, in ya fara gudu in ɗage. Na sha kaye ba adadi. Kafin rana ta biyu ta faɗi, na iya riƙe shi ƙasa fari sama garau, da iyaka a tsakiya, har in ja carbi guda bai motsa ba.

Takwara ta dawo da hantsin rana ta uku, da cincin da goron suna. Ban bari ta zauna ba. Na ce, "Tsaya ki ji laifina tukuna." Na faɗa mata komi, da lalita, da washewa, har da tsinken nono.

Wurin lalita ta yi dariya har ta zame ƙasa tana riƙe ciki. Wurin nono dariyar ta tsaya cak.

"Kin buɗe?"

"Ban buɗe ba."

Ta sauke numfashi ta kama hannuna biyu. "Tsohuwa, da ɗigon nan ya shiga, da shi ke nan. Zafi ba ya yi masa komi, dawowa yake. Amma baƙon abu in ya shiga ba ya fita."

Sannan ta zauna ta yi min bayani, kuma na gane, don yarinyar ta iya magana da mutane. Ta ce cikin ruwan nan akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ido bai gani, dogaye kamar ƙwayar shinkafa. In da sanyi, duk sai su fuskanci wuri guda alhali suna tafiya, kamar garken shanu za su mashaya: ba sahu sunka yi ba, amma kowace kanta gulbi yake kallo. Wannan shi ne farin. In zafi ya kai wani mizani, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, sai garke ya watse, kowa ya kama gabansa kamar tsakiyar kasuwar Jega. Wannan shi ne garau ɗin. Ta ce sunan irin ruwan nematik, kuma danginsa ne ke cikin fuskar wayoyi da yawa da mutane ke latsawa. Aikinta shi ne ta auna abin da ke faruwa daf da gaɓar, lokacin da shanu uku-uku huɗu-huɗu ke fara juyawa wuri guda su sake watsewa, kafin garke ya yanke shawara.

Tana kaiwa nan sai fuskarta ta canza.

"Nan ne matsalata. In mun koma, bazara ta shigo sosai. Ɗakin da nike aiki da rana ya fi jikinki zafi. Abin zai zauna garau tun safe har yamma. Na'urar da muke da ita ɗumamawa kawai ta iya, ba ta sanyaya. Na gwada ƙanƙara, sai ya tsallake gaɓar da gudu, gilashin kuma ya yi raɓa in kasa ganin komi. Ni so nike in taka shi sannu-sannu, in tsaya bakin iyaka."

Na miƙe. Na ɗauko kwalbar, na durƙusa gindin randa, na dasa ta cikin yashi, na sa yatsuna biyu. Fari ya hawo rabi ya tsaya. Na ɗauki carbi da ɗaya hannun na fara ja.

Yarinyar ta durƙusa kusa da ni ta ƙura wa kwalbar ido. Sai da na kai ƙarshen carbi ta ce, a hankali, "Kaka, sake."

Ranar ce farkon da ta ce min kaka.

Ran kasuwa munka tafi Jega, layin masu tukwane. Ta kai hannu kan wani tulu mai sheƙi, an goge shi sumul. Na buge hannun. Na ce wannan na ado ne, ruwansa ɗumi zai yi. Na bi tuluna ina ƙwanƙwasawa da zobe, har na sami sabo mai kaushin jiki, mai amsawa da ƙara sak. Na ce ki zaunar da shi cikin kwatarniya da yashin gulbi, ki jiƙa yashin, ruwan cikinsa zai yi sanyin da ba ya cizo. In kina son ɗumi ya hau, kada ki tuttula. Ruwan ɗumi cokali guda, ki motsa, ki jira. Cokali guda, ki motsa, ki jira. Yadda ake tsarma wa jariri ruwan wanka. Ta ɗauki tulu ta koma Aliero.

Kwana huɗu sai ga ubanta ya shigo da waya a hannu. Takwara ce ta kira.

"Tsohuwa, tulunki ya ƙi. Ruwan ɗumi ne kamar na buta. Saura mako biyu a karɓi aiki."

Na ce, "Tulu ba ya ƙi. Ke dai kinka yi masa wani abu."

"Ban yi masa komi ba!"

Na ce wa ubanta ya nemo min mota. Ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba sai ranar, da mayafina na zuwa biki. Munka wuce rumbunan albasa, munka shiga wata ƙofa, ta ja ni wani ɗaki mai tebura da wayoyin lantarki. Tun daga bakin ƙofa na hango ciwon. Tuluna na can ƙuryar ɗaki, bayan kabad, an naɗe shi da leda tun daga wuya har gindi, an ɗaure tam.

"Wa ya yi wa bawan Allah likkafani?"

Ta ce, "Yoyo yake. Duk jikinsa jiƙewa yake, na ji tsoron ya ɓata wuri."

Na ce, "Kayya, takwara! Shekara nawa kina karatun zafi? Ba yoyo ba ne, gumi ne. Ke in kinka yi gumi iska ta buge ki, mi kike ji?"

Ta dafe kai. "Sanyi. Wayyo, mun ma karanta shi tun aji ɗaya!"

"To kin karanta, ni na sha."

Na yage ledar, na sa ta ja tulun gaban taga inda iska ke ratsawa, na jiƙa yashi, na yafa masa jiƙaƙƙen buhun algarara. Munka zauna. Kafin a kira azahar ta tsoma ma'aunin zafinta, ta duba, ta sake dubawa, ta yi tsalle kamar 'yar akuya.

Ta riga ta haɗa wata siririyar tiyo da ke ɗauko ruwan tulu ta bi da shi ƙarƙashin wani faifan ƙarfe. Bisa faifan ta ɗora gilasai biyu ƙanana da ɗigo guda na ruwan kwalba a tsakaninsu, ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma. Ni ke riƙe da cokali, ita ke rubutu. Cokali guda, in motsa, mu jira. Can ta ce, "Kaka, zo ki sa ido."

Na sa ido. Abin da nike gani fari a kwalba, ashe ciki launuka ne, shuɗi da ja da ruwan ƙwai, da wasu baƙaƙen zaruruwa suna lanƙwasa kamar zaren da ya kuɓuce daga mazari. Ta ƙara cokali. Zaruruwan sunka fara rawa. Wasu baƙaƙen ɗigogi sunka ɓullo, sunka yi ta faɗi suna cin launi, har duhu ya rufe. Ta bar tulu ya yi aikinsa, sai ga 'yan ɗige-ɗigen nan nawa na gindin randa suna fitowa ɗaya-ɗaya, kowane da haskensa, suna neman juna. Na gane su. Na ce, "Waɗannan ai mun saba."

Muna haka malamarta ta shigo, mace mai natsuwa da tabarau. Ta dubi tulu, ta dubi takardar da yarinya ke cikawa, ta daɗe tana dubawa. Ta tambayi wa ya kawo wannan dabara. Takwara ta nuna ni da baki. Matar nan, da duk karatunta, ta rusuna har ƙasa ta ce, "Inna, sannu da aiki. Ko za ki bar mana tulun in ta gama?"

Na ce, "Na bar muku. Amma kada a sake sa masa riga."

Kwana uku na yi a Aliero wurin wata 'yar ƙanwata, kullum ina zuwa riƙon cokali, har hannun yarinya ya faɗa. Ta miƙa aikinta cikin lokaci. Ta fita tare da 'yan ajinsu, ba ta sake shekara ba.

Bayan an gama ta zo Jandutsi da wani littafi mai baƙin bango. Ta buɗe wani shafi, ga hoton tuluna zaune cikin kwatarniya kamar wani hakimi. Ta kama yatsana ta ɗora bisa wani layi ta ce nan an rubuta cewa hanyar sanyaya ruwan da tsayar da shi bakin gaɓa, daga wurin kakarta ta koya. Ban iya karanta shi ba. Amma na bar yatsan a wurin har sai da ta ce hannunta ya gaji.

Ƙawata Bafillatana na nan ranar, ta leƙa hoton ta taɓe baki. "Duk wannan hidima, da kin bari na ɗiga nonon da tuni an huta." Takwara ta bi ta da gudu har zaure.

Har gobe mata na kawo min ajiya, lalita kuma na nan a ƙuguna. Sai dai yanzu kafin in ja igiya nikan tambayi mai kaya, abin naki yana jure ɗumin mutum? Su yi ta dariya, su ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ni kuwa sai sun ba ni amsa nike karɓa.